Agogo ya ce kana cikin damuwa: me yake aunawa, kuma har ina za a yarda da shi?

Agogunan hannu masu haɗuwa da waya sun cika teburan masu sayar da caja da kwalin waya a kasuwannin Garwa da Marwa, har Kusiri da tsallaken gadar Ngeli a Njamena. Da can ƙidayar taku da bugun zuciya kawai suke nunawa. Yanzu da yawansu sun ƙaro wata lamba daga sifili zuwa 100 wadda suke cewa ta damuwa ce, ga launin kore ga ja, kusa da ita kuma haruffa uku: HRV idan an saita agogon da Ingilishi, VFC idan da Faransanci.

Daga nan ruɗani ya faro. Wani ya tashi garau, agogo ya ce damuwarsa ta haura 80. Wani kuma aiki ya cinye shi har ba ya son jin sunan ofis, amma nasa kore shar yake nunawa. A WhatsApp da TikTok ana yawo da bidiyoyin da ke cewa wannan lamba tana hango durƙushewar ma'aikaci tun kafin shi kansa ya sani. Akwai ilimi na gaske a ƙarƙashin maganar, akwai kuma talla da aka ɗora a kai, kuma raba su yana buƙatar sanin abin da na'urar take ƙirgawa.

## Zuciya mai lafiya ba ta bugu daidai wa daida

Idan aka ce zuciya na bugawa sau 60 a minti, ana zaton kowane bugu na zuwa ne bayan sakan ɗaya cif. Ba haka abin yake ba. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana ɗan tsawaita, tana ɗan gajarta, kuma da milisakan ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Wannan sauye-sauyen tazara shi ne HRV.

A ɗauki mutum biyu, kowanne bugunsa 60 a minti. Tazarar na farko ta zo 940, sai 1,050, sai 980, sai 1,030. Ta na biyu ta zo 995, sai 1,005, sai 998, sai 1,002. Jimillar kowanne 4,000 ce, saboda haka mai taɓa jijiyar wuyan hannu ba zai ga wani bambanci ba. Amma idan aka bi lissafin da yawancin na'urori ke amfani da shi, mai suna RMSSD, wanda ke duba bambancin kowace tazara da wadda ke bin ta, na farko zai samu kusan 81, na biyu kusan 7. Wanda tazararsa ke yawan sauyawa shi ne jikinsa ya fi samun hutu, akasin abin da hankali zai fara kawowa.

Dalilin yana cikin jijiyoyin da ke aiki ba tare da umarninmu ba, masu kula da numfashi da narkar da abinci da gumi da bugun zuciya. Rukuni biyu ne. Ɗaya na zaburar da jiki idan an tsorata ko ana aikin ƙarfi: bugu ya ƙaru, hanyoyin jini su tsuke, gumi ya karyo. Ɗayan na kwantar da shi, kuma babbar hanyarsa zuwa zuciya ita ce jijiya ta 10 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira bagus. Da za a bar zuciya ita kaɗai, kusan sau 100 za ta riƙa bugawa a minti. Bagus ce ke riƙe da ita kamar linzami a hannun mahayin da ya ƙware a hawan salla: ya ja kaɗan, ya saki kaɗan, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Idan an shaƙi iska tana sassautawa, bugu ya ɗan yi sauri. Idan an fitar sai ta ja, ya ɗan yi jinkiri. Idan jiki na ɗauke da nauyi, sai ta janye hannu gaba ɗaya, bugun ya koma iri ɗaya babu sauyi.

Abin lura a nan shi ne kalmar nauyi. Jijiyar ba ta tambayar daga ina ya fito. Bashin da ya hana barci, zazzaɓi, tafiyar dare daga Ngaundere, ƙishirwar azahar, duk iri ɗaya take amsa su.

## Daga asibiti zuwa wuyan hannu

Ilimin ba sabo ba ne. A 1847 masanin aikin jiki ɗan Jamus Carl Ludwig ya nuna yadda bugun zuciya ke sauyawa tare da numfashi. A shekarun 1960 likitocin haihuwa suka lura cewa idan jariri na cikin wahala a ciki, tazarar bugunsa takan daina sauyawa, kuma har yau ana duba wannan a ɗakunan haihuwar da ke da na'urar. A Tarayyar Sobiyat, Roman Baevsky ya yi amfani da ma'aunin wajen lura da 'yan sama jannati. A 1987 wani bincike a Amurka kan waɗanda suka tsira daga ciwon zuciya na toshewar hanyar jini ya gano cewa masu ƙarancin HRV sosai sun fi masu yawansa haɗarin mutuwa da kusan ninki biyar. A 1996 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka suka fitar da ƙa'idojin aunawa: minti 5 a gajeren gwaji, sa'a 24 a dogo, kuma da na'urar ECG mai karanta lantarkin zuciya.

Agogo ba lantarkin zuciya yake karantawa ba a yawancin lokaci. Koren hasken nan da ke walƙiya a bayansa yana shiga fata ne, na'urar ta auna nawa ya dawo, ta haka ta gane lokacin da jini ya ƙaru a ƙananan hanyoyinsa. Kintace ne mai kyau idan hannu na kwance shiru, mai rauni idan ana motsi. Lambar damuwa ta sifili zuwa 100 kuwa mataki ne na uku: kamfani ya ɗauki kintacen ya sarrafa da lissafin da shi kaɗai ya sani. Ko manyan kamfanonin ba su daidaita ba. Agogon Apple yana nuna wani lissafi mai suna SDNN, Garmin da Fitbit da zoben Oura suna amfani da RMSSD. Abokai biyu da ke gwada lambobinsu a majalisa, galibi abu biyu daban suke gwadawa.

## Ita kuma matsananciyar gajiyar aiki fa?

Masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ne ya yi fice da bayanin wannan yanayi na durƙushewar ma'aikaci a 1974, bayan ya ga yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York ke ƙarewa sannu a hankali. A 1981 Christina Maslach da abokiyar aikinta suka fitar da jerin tambayoyin da har yau ake auna shi da su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta na 11 na rarraba cututtuka, amma ta fayyace cewa ba cuta ba ce, lamari ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance ba. Alamominsa uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa ganin ba shi da amfani, sannan ingancin aikin ya faɗi.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga wannan. Ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin ƙauye wadda ita ce mai allura, ita ce ungozoma, ita ce mai rubuta rajista. Malamin firamare da ajinsa ya cika har bakin ƙofa. Ma'aikatan agaji a sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013 domin 'yan gudun hijirar Najeriya, da waɗanda ke aiki a Mayo-Sava da Logone-et-Chari inda rikicin Boko Haram ya raba mutane da gidajensu, ga ambaliyar 2024 ta zo ta ƙara. A irin waɗannan wurare akan ji ma'aikaci ya ce "wallahi ni yanzu jiki ne kawai ke zuwa." Wannan magana ta ƙunshi alama ta biyu, kuma babu agogon da ke iya auna ta.

## Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu goyon bayan aunawa suna da hujja mai ƙarfi: mutane ba su iya faɗin gajiyarsu. A al'adar da ake tambayar "ina gajiya?" a amsa "ba gajiya", magidanci zai iya kai wa gargara yana cewa alhamdulillahi. Lambar HRV da ke sauka mako bayan mako kan sa mutum ya tsaya ya duba kansa. Bincike da dama sun nuna cewa masu fama da matsin aiki na dogon lokaci, idan aka ɗauke su a jimlace, HRV ɗinsu ya fi ƙasa. Wani dogon bincike da aka gudanar daga Dresden ta Jamus ya samu alaƙa tsakanin raguwar aikin bagus da alamar farko, wato ƙarewar ƙarfi.

Masu shakka ba su musanta wannan ba, iyakarsa suke nunawa. A binciken na Dresden, alaƙar da ƙarewar ƙarfi ta tsaya, ba ta bayyana haka a sauran alamomin biyu ba. Sannan abin da ya tabbata a kan taron mutane ba lallai ya tabbata a kan Malam wane ba. Lambar tana bambanta ƙwarai tsakanin mutane masu lafiya: wani 25 ce tasa ta kullum, wani 90, kuma tana raguwa da shekaru. Babu wata iyaka da likitoci suka amince cewa duk wanda ya sauka ƙasa da ita gajiyar aiki ta kama shi. Ga kuma batun su wa aka auna aka fitar da "daidai". Yawancin teburan kwatance daga Turai da Amurka suka fito, kuma wata bitar bincike ta 2015 ta nuna cewa baƙaƙen fatar Amurka sun fi fararenta yawan HRV a lokacin hutu, alhali hawan jini ya fi yawa a cikinsu. Ke nan lamba mai kyau ba takardar shaidar lafiya ba ce.

Akwai ma inda lamba mai yawa ita ce alamar matsala. Idan bugun zuciya ya rikice, yana tsalle ko yana zuwa ba tsari, na'ura za ta ga tazara na sauyawa sosai ta ce madalla.

Idan aka auna hujjojin biyu, wuri ɗaya suke haɗuwa: ma'aunin yana da amfani idan mutum na gwada kansa da kansa na makonnin baya, ba shi da amfani idan yana gwada kansa da maƙwabci ko da teburin intanet.

## Zafi, zazzaɓi, azumi da shayi

Nan ne karatun lambar HRV ya fi wuya ga mutanen wannan yanki, domin abubuwan da ke saukar da ita ba tare da wata damuwar rai ba, su ne abincin yau da kullum.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena. Domin jiki ya huce, yakan tura jini zuwa fata, gumi ya rage ruwan da ke cikin jinin, zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓi, HRV ya faɗi. Idan aka ɗauke wuta da dare, fanka ta tsaya, aka fito da tabarma tsakar gida ana juyi har asuba, agogo zai wayi gari da ja. Gaskiya ya faɗa game da jikin, amma ba game da ofis ba. Wanda ya fara aunawa a cikin hunturu, ya ga lambarsa ta zube a Afrilu, yana iya zaton aiki ne ke kashe shi alhali bazara ce. Da damina kuwa zazzaɓin cizon sauro ne ke karɓa. Duk zazzaɓi na ƙara bugu yana rage HRV, wani lokaci tun kafin mutum ya ji ciwon kai. Lambar da ta faɗi kwatsam a watan Agusta tare da ciwon gaɓoɓi, gwajin jini take nema.

Azumi ya faɗo a watan Maris a 2024 da 2025, daidai shigowar zafi. A watan komai na sauyawa a lokaci guda: shan ruwa, lokacin cin abinci, barcin da tarawihi da sahur da tahajjud suka rarraba. Agogon da ke aunawa cikin dare zai tarar da ciki cike bayan buɗa-baki, kuma narkar da abinci mai nauyi shi kansa yana rage lambar. Awon Ramadan da na Ramadan ake gwada shi.

Sai abin da ake sha. Shayi mai kauri zagaye uku bayan isha'i, goro, Nescafé da lemun ƙarin kuzari suna jinkirta barci su kuma rage zurfinsa. Taba da giya suna saukar da lambar a fili. Taramol, wanda shan sa ba bisa ƙa'ida ba ya daɗe yana damun hukumomin lafiya a arewacin Kamaru da Chadi, musamman tsakanin masu aikin ƙarfi da 'yan acaba, yana rufe jin gajiya ne ba ya cire ta, ga haɗarin farfaɗiya. Magungunan asibiti ma suna da nasu tasirin: wasu na hawan jini masu rage saurin zuciya suna ɗaga lambar, amitriptyline, maganin ciwon damuwa, na saukar da ita, ciwon suga da ya daɗe kuma yana lalata jijiyoyin da kansu.

Game da launin fata, ana ta muhawara. Sinadarin da ke sa fata duhu yana shanye koren haske, saboda haka abin da ke dawowa ga na'ura kan yi rauni. Wani gwaji a Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambanci mai yawa tsakanin launukan fata wajen ƙidayar bugu ba, ya ga motsi ne ya fi ɓata awo. Sai dai ƙidayar bugu ta fi auna HRV sauƙi, domin a HRV kuskuren milisakan kaɗan ya isa ya sauya sakamako. Ɗamarar ƙirji mai karanta lantarkin zuciya ba ruwanta da haske, shi ya sa masu bincike suka fi yarda da ita. Agogunan da ba su da sunan kamfanin da za a iya bibiya kuwa, akwai gwaji mai sauƙi kafin a biya kuɗi: a cire shi daga hannu a ɗora a kan tebur. Idan ya ci gaba da nuna bugun zuciya, an san abin da aka tarar.

## Idan za a auna

Da safe ne ya fi, bayan an farka an kama ruwa, kafin shayi, a zaune ko a kwance amma iri ɗaya kullum, minti ɗaya zuwa biyar ba magana. Mai tashi sallar asuba ya zaɓi kafin ta ko bayan ta ya tsaya a kai. Sai an tara makonni kafin a san lambar mutum ta asali, daga nan matsakaicin kwana 7 ake kallo, ba ta safiya ɗaya ba. Littafin rubutu na ɗan makaranta ya fi manhajar amfani a nan: a rubuta sa'o'in barci, ko an yi aikin dare, ko akwai zazzaɓi, ko an yi tafiya. Idan lambar ta yi ƙasa ta zauna makonni, bugun hutu ya ƙaru, babu ciwo babu sauyin yanayi, ga barci ya lalace ga saurin fushi da iyali, to alamun sun haɗu.

Wasu kuwa aunawar ce ke zame musu damuwa, su farka su duba agogo kafin su san yadda suka kwana. Irin waɗannan ajiye shi ya fi musu. Ciwon ƙirji, suma, sarƙewar numfashi ko zuciyar da ke tsalle ba tsari, asibiti ake kai su ko agogo na nuna kore. Haka wanda baƙin ciki ya rufe har yana jin rayuwa ta ishe shi. Kuma ga mai kuɗin abu ɗaya tak, na'urar awon hawan jini ta fi agogo faɗa masa abin da zai yi aiki da shi.

## Numfashi shida a minti

Akwai ɓangaren da ba ya buƙatar sayen komai. Masana irin su Evgeny Vaschillo da Paul Lehrer sun nuna cewa idan mutum ya rage numfashinsa zuwa kusan sau 6 a minti, sauyin bugun zuciya da na ƙarfin jini kan hau layi ɗaya, HRV ya ɗaga sosai a wannan lokacin. A aikace, a shaƙa sakan 4 ko 5 ta hanci, a fitar sakan 5 ko 6 a hankali, ba tare da cika ƙirji da ƙarfi ba, na minti 10 zuwa 20. Idan jiri ya zo, an zurfafa da yawa ne. Wata bita ta 2017 da ta haɗa bincike 24 masu mutum 484 ta samu raguwar damuwa da fargaba sosai a wurin waɗanda suka yi wannan horo da na'ura. Binciken ƙanana ne, kuma mutanen da kansu suka faɗi yadda suke ji, saboda haka a riƙe sakamakon da sassauci. A 2001 kuma masu bincike a Italiya sun ga cewa karanta addu'ar carbin Katolika da Latin yana saukar da numfashi zuwa kusan 6 a minti ba tare da mai karatun ya yi niyya ba. A kan waccan addu'a da karatun 'yan yoga aka yi gwajin, amma abin da ya nuna shi ne karatu mai tsari a natse yana tsara numfashi.

## Idan mai aiki ne ya raba agogon

A ƙasashen Turai da Amurka wasu kamfanoni na raba wa ma'aikata irin waɗannan na'urori da sunan kula da lafiyarsu, kuma ƙungiyoyin agaji da manyan kamfanonin da ke aiki a nan daga can suke kwaso tsare-tsarensu. Masu son tsarin na cewa zai nuna wane sashe ne aiki ya fi danne wa. Masu adawa na tambayar wa zai ga lambar. Bayanan da ke iya nuna rashin barci, shan giya ko wata cuta, a hannun wanda ke sabunta kwantiragi, ba ƙaramin abu ba ne. Chadi na da dokar kare bayanan mutum tun 2015, Kamaru ta yi tata a Disamba 2024, kuma ma'aikaci na da damar tambayar inda bayanansa za su je kafin ya ɗaura.

Akwai kuma haɗarin mayar da laifi kan wanda abin ya shafa. Maslach da Michael Leiter sun lissafa wurare shida da gajiyar aiki ke tsirowa: yawan aikin, rashin ta cewa a kansa, ƙarancin sakamako, lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, rashin adalci, da saɓani tsakanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da ake sa shi yi. Duka shidan a wurin aiki suke. Wata bita ta 2017 kan likitoci ta gano cewa gyaran tsarin aiki ya fi horar da mutum ɗaya ɗaya tasiri. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta sanya sa'a 40 a mako ga aikin da ba na gona ba, da hutun sa'a 24 a jere kowane mako, da kwana ɗaya da rabi na hutu ga kowane watan aiki.

Mafi yawan masu neman abinci a Garwa da Marwa ba su cikin wannan lissafi. Ɗan acaba mai biyan balas kowace yamma, mai tuyar ƙosai, direban tirela a hanyar Ngaundere zuwa Kusiri, ba su da ofishin da za su kai wa takardar neman hutu, kuma ranar da ba a fita ba ranar ce ba a samu ba. Ga ma'aikacin albashi kuwa, littafin da ya nuna makonni shida na aikin dare a jere tare da lambar da ke ta sauka, abu ne da za a iya ajiyewa a gaban shugaban sashe ko wakilin ma'aikata a nemi gyaran jadawali.